Tuddan Durɓi ta Kusheyi

Matafiyin da ya fita birnin Katsina ya nufi gabas, in ya yi tafiyar kamar mil 20, zai iske wani wuri a ƙasar Mani da a ke kira Durɓi ta Kusheyi. Ba birni ba ne, ba kuwa wata babbar kasuwa ke ci a wurin ba. Abin da ke nan tuddai ne na ƙasa, manya da ƙanana, aƙalla guda takwas, warwatse cikin gonaki da kukoki. Baƙon da bai sani ba sai ya wuce su, yana tsammani irin tudun nan ne da Allah ya halitta, ko kuwa wani tsohon suri ne da ya girma ya lalace. Amma sunan wurin kansa ya isa ya tsai da mai hankali, gama kushewa ita ce kabari, jam'inta kuwa kusheyi. Tuddan nan hannun mutane ya tara su, kwando bisa kwando, a tsakiyar waɗanda aka buɗe kuma an tarad da mutum a binne.

Mutanen ƙasar sun gaji labari daga kakanninsu, cewa waɗannan kusheyin sarakunan Durɓawa ne, watau gidan da ya fara sarautar ƙasar Katsina. Na farkonsu, in ji masu labari, shi ne Kumayau ɗan Bawo, jikan Bayajida na Daura. Bayansa aka yi Ramba-ramba da waɗansu, har aka zo kan Sanau. Labarin Sanau kuwa sananne ne a Katsina: yadda wani ɗan kokawa, Korau, ya zo daga 'Yandoto ya sauka wurinsa, yadda matar Sanau ta ci amanar mijinta ta ɗauke masa layar da ya ke ka da maza da ita, da yadda Korau ya ka da shi, ya yanka shi, ya hau gadon sarauta. Takobin nan Gajere da ke cikin kayan sarautar Katsina, an ce da shi aka yi aikin. Zuriyar Korau ta riƙe birnin har zamanin jihadi, sa'an nan ta koma arewa ta kafa Maraɗi. Sunan Durɓi kuwa bai ɓace ba, ya zama ɗaya daga cikin manyan sarautun Katsina, kuma Durɓi shi ne Hakimin Mani.

Labari ne mai daɗin ji da dare. Amma labarin baka kamar kwabo ya ke wanda ya daɗe yana yawo daga hannu zuwa hannu, kwabon yana nan, rubutun jikinsa ya goge. Takardun jerin sarakunan Katsina da malamai suka rubuta daga baya sun ba sarakunan farko shekara fiye da ɗari ɗari bisa gado. Kowa ya san ɗan Adam ba ya yin haka. Ko dai sunaye da yawa sun zube a hanya, ko kuwa suna ɗaya yana tsaye ne a madadin gida guda. A zamanin Durɓawa ba wanda ya zauna da alƙalami a ƙasar ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Saboda haka Katsina ba ta da wani mashaidi da ya halarci wancan zamani sai ƙasar da aka tula a kan matattunsa.

Ba a Katsina kaɗai aka yi wa sarakuna irin wannan jana'iza ba. Wani malami Balarabe na Andalus, Albakari, ya rubuta a cikin 1068 yadda a ke binne sarki a tsohuwar daular Gana, wadda ke can yamma wajen Mali da Muritaniya na yanzu, ba Gana ta bakin teku ba. Ya bayyana cewa a kan yi wa mamacin rumfa ta itace, a kwantad da shi ciki bisa gado, a ajiye masa kayan adonsa da makamansa da ƙoren da ya ke ci da sha a ciki, har da barorin da ke kawo masa abinci, kana a rufe rumfar da tabarmi, jama'a su taru su yi ta zuba ƙasa har ta zama babban tudu. Tsakanin Gana da Durɓi akwai nisa, zamaninsu kuma ba ɗaya ba ne, don haka kada mai karatu ya ɗauka al'adarsu ɗaya ce tak. Amma duk wanda ya taɓa yin aikin gayya, ya ga yadda a ke shan wuya kafin a tara ƙasar ginin ɗaki ɗaya, ya san ba a tara wa talaka tudu. Wanda aka yi wa wannan, mutum ne da ya isa a kira ƙauyuka su fito da kwanduna saboda shi, har bayan ba shi da bakin da zai ba da umurni.

Tuddan suna nan a rufe shekara ɗaruruwa, har zuwa 1907. A ƙarshen 1906 Muhammadu Dikko ya zama Sarkin Katsina, kafin nan kuwa shi ne Durɓi, ya san ƙasar Mani kamar tafin hannunsa. Baturen mulki na Katsina a lokacin, Falma, wanda daga baya ya zama Gwamnan Lardunan Arewa, mutum ne mai son labarin mutanen dā ƙwarai. Da taimakon Sarki ya sa aka haƙa waɗansu daga cikin tuddan, aka fito da tukwane da kayan ƙarfe. Falma ya yi rubutu game da wurin a cikin 1922. To, amma kayan da aka fitar fa? Sun ɓace. Masanan da suka zo daga baya sun nema, ba su same su ba, ba su kuma sami wani cikakken lissafi na abin da aka fitar da inda ko wanne ya ke kwance ba.

A nan akwai abin dubawa. Duk wanda ya taɓa riƙon littafin baitulmali ko rajistar kotun alƙali ya san ƙa'idar aiki: abin da ba a shigar a littafi ba, ko yana nan kamar ba ya nan ne, in kuwa ya ɓace ba mai iya cewa ya taɓa zuwa. Buhun gero ɗaya in ya shiga sito ba takarda, ran da mai binciken lissafi ya zo sai an yi gumi. Ga kayan sarakunan farko na ƙasa guda, waɗanda gara da damina suka bari shekara wajen ɗari biyar, sun fito hannun masu mulki da masu ilmi, ba su yi shekara ɗari ba sun salwanta. Ba a ce an yi haka da mugun nufi ba. A wancan zamani ba doka, ba gidan ajiya, ba wanda aka horar ga aikin. Amma hasarar da aka yi da kyakkyawan nufi, hasara ce.

Doka ta zo daga baya, a hankali. A cikin 1943 Gwamnati ta naɗa wani Bature malamin zane, Kenneth Murray, ya riƙa lura da kayan tarihi na Nijeriya. A wajen wannan lokaci ne kuma wani Bature, Bernard Fagg, ya ga wani kan mutum na yumɓu da aka tsinta wajen haƙar kuza a ƙasar Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, ashe aikin mutanen dā ne mai shekara wajen dubu biyu. Aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi a Jos a cikin 1952, aka kafa dokar kayan tarihi a cikin 1953. A cikin 1959, zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo ɗan Muhammadu Dikko, aka shigad da tuddan Durɓi cikin wuraren da Gwamnati ta ɗauki alhakin tsaronsu. A cikin 1979 aka sake dokar, aka kafa hukuma guda mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi na ƙasa duka. Abin da dokar ta ƙunsa ba shi da wuyar ganewa. Ba a rushe irin wannan wuri, ba a ɗibar wani abu daga jikinsa, ba a tono don neman kayan dā sai da izinin hukuma a rubuce, wanda ya tsinci wani abu ya sanar, kuma ba a sayar wa kowa ko a fitar ƙasar waje ba da izini ba.

Akwai masu jin wannan su yi tsaki. Su kan ce, ina ruwan Musulmi da kushewar waɗanda suka mutu suna yanka wa iskoki? Ashe ba gara a baje tuddan a shuka gero ba? Ba za a raina masu wannan magana ba, gama tsoron shirka ke sa su faɗa, tsoron shirka kuwa abu ne mai kyau. In da tsaron kushewa yana nufin a je a durƙusa mata, a roƙe ta haihuwa ko ruwan sama, da maganarsu ta fi ta kowa. Amma tsaro daban, bauta daban. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya wuce wurare da dama inda aka kwaɗaitar da mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen mutanen dā ya kasance. Da me za a duba in an baje kufansu? Malaman hadisi kuma sun ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye saboda rai ce ta ɗan Adam. Ban da wannan ma, mutanen da ke cikin tuddan nan ba baƙi ba ne. Kakannin Katsinawa ne. Hukuncinsu yana wurin Ubangijinsu, amma ɗa ba ya haƙa kududdufi a kabarin kakansa don kakan bai riski abin da shi ya riska ba.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi, ita ce: in kabari yana da alfarma haka, don me a ke ba masu ilmi izini su buɗe shi? Wannan ba ta da amsa mai sanyaya zuciya sarai. Tonon kabari abu ne mai nauyi ko wa ya yi shi. Masu wannan ilmi da kansu sun yarda cewa tono ɓarna ne, domin tudun da aka buɗe ba ya komawa yadda ya ke, kamar littafi ne da a ke yage ko wane shafi bayan an karanta shi. Abin da ya raba su da ɓarawo shi ne su suna kwafe shafin kafin su yage. In za a yi, sai a yi kaɗan, a yi da natsuwa, a rubuta kome, a bar saura ga na baya waɗanda za su zo da dabarun da suka fi na yanzu. Abin da ya faru a karo na biyu ya nuna bambancin.

A cikin 1992 wani shaihun malami na ƙasar Jamus, Dierk Lange, tare da ma'aikatan hukumar tarihi ta Nijeriya, suka buɗe tuddai uku. A ko wanne suka tarad da mutum ɗaya a tsakiya, da kayansa. Ba su tsintsince kayan ɗai ɗai sun zuba a buhu ba. Suka yanko ƙasar da kayan ke ciki dunƙule dunƙule, aka kai gidan tarihi na Jos aka ajiye. Nan suka zauna shekara 15, abin da ya nuna ko aikin kirki ma ya kan yi barci a sito. A cikin 2007 aka yi yarjejeniya aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda ƙwararru suka riƙa kankare ƙasar kaɗan kaɗan, suna zana ko wane abu a inda suka same shi. An nuna wa jama'ar can kayan a cikin 2011, a cikin 2014 kuma aka komo da su Nijeriya.

Abin da ya fito ya ba mutane mamaki. Akwai 'yan kunne da zobe na zinariya, da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun ado na tsakiya da na gilashi, da wuri mai yawa da aka jera a ɗamara, har da ɓurɓushin tufa da itace da fata, waɗanda da an yi gaggawa da sun zama ƙura a hannun mai haƙa. Akwai kuma wata tasa ta ƙarfe wadda masana suka gane ba ƙirar ƙasar Hausa ba ce, aikin maƙeran ƙasashen Musulmi ne na gabas. Wurin nan ma da tsofaffi suka yi ciniki da shi har zuwan Turawa, ba a kogin Kwara a ke samunsa ba, daga tekun Indiya ya ke fitowa. Mai karatu ya tsaya ya lissafa hannu nawa ƙwayar wuri ɗaya ta bi, jirgin ruwa nawa da raƙumi nawa, kafin a ɗinka ta a ɗamarar wani mai mulki a ƙasar Mani. Waɗanda ke tsammani mutanen dā na ƙasar Hausa suna zaune ne cikin duhu, ba su san kowa ba kowa bai san su ba, tasar nan da wurin nan sun ƙaryata su.

Ta yaya aka san shekarun kayan? Dabarar ba sihiri ba ce. Ko wane abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani sinadari da ya ke samu daga iska da abinci. Ran da ya mutu sai sinadarin ya soma raguwa bisa ƙa'ida ɗaya wadda ba ta sakewa, rabinsa ya kan ƙare cikin shekara kamar 5,730. Misalinsa tulu ne mai yoyo wanda aka san yawan ɗigarsa: in an leƙa aka ga inda ruwa ya tsaya, an san tun yaushe aka cika shi. Da wannan awo, da kuma duban irin ƙirar kayan, aka gane cewa kusheyin ba na lokaci ɗaya ba ne. Akwai na wajen shekara ta 1300 da 'yan kai, watau wajen 700 na Hijira, akwai kuma na wajen 1500.

Wannan lissafi na biyu shi ya fi ba da tunani. A wajen 1493 Shaihu Magili ya zo ƙasar Hausa, Shaihu Suyuɗi kuma ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa daga Masar yana yi masa nasiha. Watau a kusan lokacin da fadar Katsina ke karɓar wasiƙun manyan malamai, ga wani babban mutum an binne shi mil 20 daga birnin bisa al'adar kakanni, da zinariyarsa, da tasar da ta fito daga hannun Musulmi. Labarin baka ya nuna kamar ran da Korau ya yanka Sanau aka rufe littafin Durɓawa. Ƙasa kuwa ta nuna al'amarin bai tafi da sauri haka ba, tsohuwar hanya da sabuwa sun daɗe suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ba a sami wannan a wata takarda ba. An same shi ne domin an san ko wane abu daga wane tudu ya fito, kusa da me kuma ya ke kwance.

Shi ya sa maƙiyin irin waɗannan wurare na farko shi ne mai haƙa da dare. Daga wajen 1990 dillalai suka riƙa bin ƙauyuka a Arewa suna ba samari kuɗi su tono musu mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā, a ƙasar Nok da ƙasar Sakkwato da ƙasar Katsina, ana fitarwa Turai a ɓoye. Abin ya yi yawa har a cikin 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa waɗannan kaya cikin jerin abubuwan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Saurayin da ya haƙa an ba shi abin da bai kai kuɗin akuya ba, ya kashe a kasuwa ɗaya. Kayan suna can a ɗakunan attajiran Turai, ba wanda ya san ramin da suka fito, saboda haka sun zama bebaye. Sauran maƙiyan ba su da mugunta, amma aikinsu ɗaya ne: mai garma da ke cin gindin tudu taƙi ɗaya ko wace shekara, da magini da ya ga ƙasa mai kyau a tare wuri ɗaya ya ce ya huta da haƙa, da ruwan sama da ke bin ramin da suka bari yana zaizayewa.

Doka takarda ce, takarda kuwa ba ta kwana a gindin tudu. Hukumar tana Abuja, ma'aikatanta na kusa suna gidan tarihi na Katsina, a tsohon ginin kwalejin nan da aka buɗe a cikin 1922. Wanda ke ganin tuddan safe da yamma shi ne mai gonar da ke maƙwabtaka da su. A ce bayan ruwan farko irin wannan manomi ya fita kewaya, ya ga zaizaya ta tone gefen tudu, ga waɗansu jajayen duwatsu masu huda sun bayyana, ga bakin wata tukunya. In bai iya karatu ba, iyakarsa ya kwashe ya kai wa matarsa, ko ya kai kasuwa, ko tsoro ya kama shi ya yi shiru. In kuwa ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya fito, yana da abin da ma'aikatan 1907 ba su yi amfani da shi ba. Sai ya bar kayan a inda su ke, ya rufa musu ƙasa kaɗan don kada yara su gani, ya koma gida ya ɗauki fensir. Ya rubuta ranar da watan, ya rubuta ko wane tudu ne, ta gabas ko ta yamma, taƙi nawa daga kuka mafi kusa, da abin da idonsa ya gani. Ya sa sunansa a ƙasa, ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai gaban Durɓi.